Buta, hannu da rijiya: inda tsabtar banɗaki ke warwarewa

A gidajenmu da yawa hanci ne alƙalin banɗaki. Uwargida ta wanke, ta yayyafa Izal ko Dettol, wata ma ta ajiye kaskon turaren wuta a bakin ƙofa, duk wanda ya shiga ya ji ƙamshi sai ya ce wance akwai tsabta. Ba laifi, babu mai son shiga wuri yana toshe hanci. Sai dai ƙwayoyin da ke kawo kwalara da taifod da atini da shan inna ba su da wari, ba su da launi, kuma ba ruwansu da turare. Tare da bahaya suke fita daga cikin mutum, kuma ba sa cutar da kowa sai sun kai bakin wani. Don haka mai son sanin ko banɗakinsa na da tsabta, abin da zai bincika shi ne me ke fita daga ciki, kuma ta ina yake bi.

Hanyoyin sanannu ne. Tun 1958 wasu injiniyoyi biyu, Wagner da Lanoix, suka zana wa Hukumar Lafiya ta Duniya taswirar hanyoyin, har yau kuma da ita ake koyar da ma'aikatan tsabta: bahaya na kai wa baki ta yatsu, ta ƙuda, ta ƙasa, ta ruwa, daga nan ya faɗa abinci. A gidan Bahaushe, ta yatsu ce ta fi faɗi, kuma ita aka fi yi wa sakaci.

Mu masu tsarki da ruwa ne, kuma wannan abin alfahari ne, domin ruwa ya fi takarda gusar da najasa daga jiki. Amma tsarki da ruwa yana nufin hannu ya taɓa. Ka bi hannun hagun nan bayan an gama. Shi zai gyara zani ko tazuge, shi zai zare sakata, sau da yawa shi zai ɗauki butar a fito. Butar kuwa dama a ƙasa aka dire ta, kusa da bakin rami, inda ruwan tsarki ke fantsama. An fito da ita, yaro ya zo cika ta, maimakon ya ɗebo da moɗa ya zuba sai ya nutsa ta cikin bahon ruwa ko randa, gindinta da duk abin da ya kwaso. Anjima wani ya ɗauke ta ya yi alwala, ya kurkure baki sau uku. Tayil ɗin banɗakin yana iya yin ƙyalli yadda ya ga dama, abin da ake gudu ya riga ya fita ta hannun buta.

Iyayenmu sun san wani abu game da wannan, shi ya sa a gidaje da dama butar bayi daban, ta alwala daban, kuma ba ta shiga ɗaki. Al'adar ce ke mutuwa, musamman inda yara suka yi yawa ko baƙi ke yawan zuwa, duk butar da hannu ya kai kanta ita ce ta bayi. Gyaran ba ya cin kuɗi: butar bayi ta zama mai launi na daban, a kafa mata ƙusa a rataye ta kada ta zauna a ƙasa, a cika ta da moɗa ko a bakin famfo, a riƙa wanke bayanta da sabulu kamar yadda ake wanke kwano. Mutane ƙalilan ne ke tuna cewa buta ma abar wankewa ce.

Sai sabulu. Ruwa zalla yana rage dauɗar hannu, amma fatar hannu na da maiƙo, ƙwayoyin cuta kuma suna maƙalewa a cikinsa da ƙarƙashin farce. Sabulu ne ke narkar da maiƙon ya ɗago su, ruwa ya tafi da su, kuma sai an cuɗa kamar na daƙiƙa 20. Binciken da aka tattara daga ƙasashe da dama ya nuna wanke hannu da sabulu na rage gudawa da kusan kashi 30 cikin 100. Babu wani sinadarin wanke masai da ake tallarsa a talabijin da zai yi wa gida wannan aikin. Ba kuma baƙon abu ba ne a addini. A hadisin Nana Maimuna kan wankan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ce bayan ya wanke gabansa ya goga hannunsa a ƙasa kafin ya ci gaba. Wato hannun da ya yi tsarki yana da nasa wankin na musamman. A yau sabulu ya sauƙaƙa wannan, inda babu shi kuma toka mai tsabta ta fi ruwa zalla.

Matsalar ita ce sabulu ba ya zama a banɗaki. Na wanka kowa na shiga da nasa a kwando ya fito da shi. Wanda aka bari a ciki, ko yara su jiƙa shi ya narke, ko ɓera ya ja, ko a gidan haya ya yi ƙafa. Dabarar da ta fi ɗorewa ita ce a kaɗa ɗan ƙullin omo a gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi, a huda murfin, a ɗaure ta a bakin ƙofar banɗaki. Ba mai sha'awar sace ta, kuma idon mai fitowa zai faɗa kanta. Muddin sai mutum ya taka zuwa ɗaki neman sabulu, to ba zai wanke ba.

Akwai kuma kashin yara, wanda ake ɗauka kamar ba kashi ba. Za ka ga an wanke wa jariri a tsakar gida kusa da wurin wanke-wanke, an bar fo a gindin bango ƙuda na bi, an cilla famfas a bola kaji na tonawa. Alhali ƙananan yara su suka fi kowa yawan gudawa, bahayarsu na ɗauke da ƙwayoyin cuta sosai, kuma su ne ke rarrafe a ƙasan suna sa hannu a baki. Annobar kwalarar da ta kashe mutum sama da 600 a unguwar Soho ta birnin Landan a 1854, wadda likita John Snow ya gano cewa daga famfon rijiya ɗaya take, da aka bi sawu an tarar wata uwa ce ke zubar da ruwan wankin ƙyallayen jaririyarta mai gudawa a wani ramin ƙazanta da ke dab da rijiyar. Fo na gama aiki a juye shi a masai, a wanke shi a can, a wanke hannu.

Labarin Landan ya kai mu ga abin da goge-goge ba ya magani, wato tazarar masai da rijiya. Ƙa'idar da masu aikin ruwa da tsabta ke bi ita ce mita 30 tsakaninsu, kuma gindin ramin ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi sama da inda ruwan ƙasa yake. Yanzu ka ɗauki filin da ake yankawa a unguwanninmu, ƙafa 50 da 50. Ƙafa 50 kusan mita 15 ce, ko daga kusurwa zuwa kusurwa ka auna ba za ka wuce mita 21 da ɗoriya ba. Ke nan a irin wannan gida ƙa'idar ba ta cikuwa. Ko ka yi ƙoƙari ka raba naka, ba ka da iko da maƙwabcin da ya haƙa shaddarsa a bayan katangar da rijiyarka take. Da damina ruwan ƙasa na tasowa, ramuka su cika, ambaliya ta haɗa kwata da rijiya, shi ya sa kwalara ta fi ɓarna a watannin ruwa. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, NCDC, ta ƙirga mutum sama da 100,000 da ake zaton sun kamu a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Mai irin wannan rijiya kada ya yaudari kansa da cewa ruwanta garau yake. Ya ɗaga bakinta, ya yi mata murfi da daɓe, guga ya samu marataya, ruwan sha kuma a tafasa shi ko a sa masa kulorin.

Mutane na ɗauka cewa komawa masai na zamani ya raba su da duk wannan. A ganina, sau da yawa banɗakin cikin ɗaki kyan ɗan maciji ne. An ƙera shi ne don gidan da famfo ba ya ɗaukewa. Tankin masai na zama yana cin lita 6 zuwa 9 a kora ɗaya, tsofaffin ma sun fi haka, ke nan jarkar mai ruwa ta lita 25 kora uku ko huɗu ce. Gidan da ke sayen ruwa a kura ba zai jure ba, sai a fara tsimi: fitsari ba a kora masa, bahaya a zuba rabin buta a rufe murfi. Ga shi an gina banɗakin a ƙuryar ɗakin kwana, tagarsa ba ta fi tafin hannu biyu ba, rana ba ta taɓa leƙa shi. Ƙasa ba ta bushewa, tawul ba ya bushewa, soso na kwance cikin ruwa, baƙin fumfuna na bin layin tayil. Tsohon bayin gargajiya marar rufi, duk da raina shi da ake yi, yana da ma'aikaci na kyauta: rana na busar da shi kullum, haskenta na kashe ƙwayoyin cuta da yawa, iska na kwashe wari.

Kowanne da ilimin riƙonsa. Sirrin masai na zamani shi ne ɗan ruwan nan da ke kwance a wuyansa. Shi ne ƙofar da ke hana iskar sokawe da kyankyasai da ƙuda hawowa. In an yi tafiya an daɗe ya ƙafe, ko rariyar ƙasa ba ta da irin wannan lanƙwasa, wari zai cika ɗakin ko da an wanke sau goma a yini, mai gida ya yi ta zargin matarsa alhali aikin mai haɗa famfo ne. Idan ruwa na wahala, masai na tsuguno mai wuyan ruwa ya fi dacewa, don lita 2 ko 3 na isarsa. Mai na zama kuma ya rufe murfi kafin ya kora, saboda korar na watsa ɗigon da ido ba ya gani, kuma buroshin haƙori bai kamata ya kwana a buɗe kusa da shi ba.

Masai na rami abokin gabarsa ƙuda ne, domin a ciki yake ƙyanƙyasa ya fito ya sauka kan tuwo. Murfi mai mariƙi da ya rufe bakin ruf shi ne mataki na farko. Wanda ya fi shi shi ne tsarin da Peter Morgan ya ɓullo da shi a cibiyar bincike ta Blair a ƙasar da ake kira Zimbabuwe yanzu, cikin shekarun 1970: a sa bututu mai faɗin inci 4 ko fiye daga ramin ya zarce rufi da kamar rabin mita, a ɗaure bakinsa da raga. Iskar da ke wucewa ta saman bututun tana zuƙo warin sama, ƙudan da ke ramin kuma yana bin haske, ya hau bututun, raga ta tare shi ya mutu. Sharaɗin shi ne ɗakin ya kasance da rufi da ɗan duhu, kuma a irin wannan ba a toshe bakin ramin, don ta nan iska ke shiga. Da yawa an sa bututun amma ba raga, ko ta yage shekaru ba wanda ya hau ya duba, sai ya zama an buɗe wa ƙuda babbar hanya.

Abin da ake zubawa a rami ma abin dubawa ne. Wasu na tuttula kananzir ko baƙin mai wai don kashe wari da tsutsa. Ramin na raguwa ne saboda wasu ƙwayoyin halitta da ke cinye abin da ke ciki, in an kashe su sai ya yi saurin cika, man kuma ya tsiyaya ya bi ruwan ƙasa. Toka ta wadatar. Famfas da audugar mata da leda ba sa ruɓewa, su ke cika rami su toshe bututu, su wahalar da masu kwasa. Kuma kada a taɓa barin wani ya shiga sokawe ko rami haka kawai don ciro waya ko gyara. Iskar da ke ciki na sumar da mutum cikin ɗan lokaci, kuma sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ma ba ya fitowa.

Zarni kuwa yana da dalilinsa. Fitsari sabo ba ya da wari sosai. Idan ya kwanta, ƙwayoyin bakteriya ke farfasa shi su fitar da iskar ammoniya, ita ce ke hawa kai. Siminti na shan ruwa, don haka daɓen da ya farfashe ko aka yi shi da garaje yana riƙe fitsari a cikinsa, turare ba ya kai wa can. Maganinsa daɓe mai santsi da gangara zuwa rariya, da kora ruwa nan take. Magini ya zuba bokitin ruwa a gabanka kafin ka sallame shi, in ruwan ya tsaya a wata kusurwa, a nan gansakuka za ta fito, a nan tsohuwa za ta zame. Ruwan wankan da ya fita ma bai gama da kai ba: kwatamin da ke buɗe a bayan gida shi ne matattarar sauron nan mai hana barci. Shiga da takalmi kuma ba ƙyanƙyami ba ne kawai, akwai tsutsar ciki da ke huda fatar ƙafa daga ƙasa mai laima, ta zauna a hanji tana shan jini.

Wajen sinadarai an fi yin kuskure biyu. Na farko, zuba bilic a kan dauɗa. Kulorin da ke cikin bilic na ƙarewa ne a kan duk ƙazantar da ya fara tararwa, don haka sai an fara wankewa da omo da buroshi an ɗauraye, sannan a sa shi, a bar shi kamar minti 10 kafin a kora. Wadda ta zuba ta ɗauraye nan take ƙamshin kawai ta saya. Bilic irin Jik yana da ƙarfin kashi 3.5 cikin 100, in aka sa murfi 1 a murfi 16 na ruwa an samu kusan kashi 0.2, wanda da shi ake goge ƙasa da bango a wuraren jinyar kwalara. Aman majinyaci da gudawarsa kuwa sai mai ƙarfin kashi 2, wato awo 4 na bilic a awo 3 na ruwa. A haɗa na yini a yini, a ajiye kwalbar a inuwa, don zafi da rana na kashe ƙarfinsa. Wanda ake sayarwa a gorar da ba rubutu, bayan ya yini a rana a bakin titi, ba ka san me ka saya ba.

Kuskure na biyu na iya kisa: haɗa sinadarai don wai su fi ƙarfi. Masu cire kanta irin Harpic asid ne, shi ya sa suke narkar da farin ɓawon da ruwan burtsatse ke bari a masai. In asid ya haɗu da bilic, iskar kulorin ke tashi, irin wadda aka yi amfani da ita a matsayin makami a Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1915. A banɗaki mai ƙaramar taga, ƙofa a rufe, mace na durƙushe tana gugar masai, numfashi kaɗan ya isa ya sa ta tari da shaƙewa, mai asma kuwa abin ya fi muni. Gargaɗin na rubuce a jikin kwalaben, amma da Turanci da ƙananan baƙaƙe, kuma galibi 'yar aiki ko yarinyar gida ake miƙa wa. A yi amfani da ɗaya, a ɗauraye sosai, ɗayan ya jira wata rana. Kuma kada a juye ko wannensu a gorar lemo inda yaro zai gani.

Tsoron banɗaki ya fi yawa a wurin mata, saboda abin da ake kira ciwon sanyi, wanda kusan kowa ya yarda a masai ake ɗaukarsa. Likitocin mata sun daɗe suna cewa ƙaiƙayi da fitar ruwa galibi daga wani wajen suke: ko rikicewar ƙwayoyin da dama ke zaune a jikin mace suna kare ta, ko yawan shan maganin kashe ƙwayoyin cuta ba bisa ƙa'ida ba, ko ciwon suga, ko cutar da ake ɗauka ta saduwa. Wannan na ƙarshen ne ya sa ɗora wa masai laifi ke da daɗi, domin yana rufa wa kowa asiri, sai a yi ta yi wa mace magani miji na gefe ba a duba shi ba, ciwon na dawowa. Tsarki da ruwan Dettol ko cusa sabulu ciki ƙara ɓata lamarin yake. Inda banɗaki ke da hannu da gaske shi ne yadda ake tsarki: daga gaba zuwa baya, domin yawancin ciwon mafitsara daga ƙwayar hanji yake. Haka riƙe fitsari yini guda don gudun ƙazamin banɗaki, wanda 'yan mata da yawa ke yi a makaranta da kasuwa.

Duk wannan ya fi sauƙi a gidan mutum ɗaya. A gidan haya mai ɗaki goma da bayi ɗaya, ilimi ba shi ne ya yi ƙaranci ba. Kowa na ganin in ya wanke wani ne zai more, sai a zuba wa juna ido har wurin ya gagari shiga. Gwamnati na ƙirga ramuka: a 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar kawo ƙarshen bahaya a fili zuwa 2025, a 2022 kuma aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko da ta kai ga haka. Ci gaba ne, amma masai da ya ƙazantu mutane guje masa suke, yara su koma bayan katanga, manya su koma leda. Dattawa na ba da labarin zamanin da duba-gari ke shiga gida ya leƙa randa ya leƙa bayi, a ci tarar mai gida. Yau da wuya ka ga mai leƙawa, sai dai mutanen gida su tsara da kansu.

Gidajen hayar da na ga abin ya yi aiki, ba wa'azi ne ya gyara su ba. An raba kwanaki ɗaki-ɗaki an rubuta a bango, ana karɓar kuɗin omo da tsintsiya tare da kuɗin wuta, kuma an sa gwauraye da magidanta a layin. Wannan na ƙarshe shi ake yawan tsallakewa. Maza na amfani da bayi kamar kowa, fitsarin tsaye ma shi ya fi fantsama a bango, amma wanki an bar wa mata da yara mata, kuɗin gyaran daɓe da bututu da kwasar rami kuwa suna aljihun wanda bai taɓa riƙe buroshin ba, don haka bai san inda ruwa ke kwanciya ba. Mai gidan haya da zai gina ɗaki na goma sha ɗaya, a fara tambayarsa ina bayi na biyu.